Mazauna Fadar Littafin Yaƙi

A Amurka tun 1974 ake wasan Dungeons & Dragons: a kewaye tebur, kowa ya zaɓi jaruminsa, a jefa ɗan lido, har labaran wasan suka haifi littattafai irin Dragonlance. Mu a unguwar Zariya ta Maraɗi tabarma ta ishe mu. Bayan isha'i a aza shayi kan gawayi, wani ya buɗe littafin yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ko a kunna na murya a salula. Sai dai mazauna fadar ma abin kallo ne.

Na gaba-gaba Sarkin Yaƙin Tabarma. Ko kaza bai taɓa yankawa ba, amma babu jarumin da zai shiga kogon aljanu bai sha gyara a wurinsa ba. "Dakata, malam, dakata! Wa ya aike shi ta ƙofar gabas? Da ni ne, in ɗaura laya, in zagaya, in afka musu ta baya!" Sai ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya mai da mafici takobi, ya fille kan bokaye uku a iska, ya shure shayin farko. Ran da ɓera ya ɓullo daga ƙarƙashin benci, shi ya riga kowa kai bakin titi, da takalmi ƙafa ɗaya. Da ya dawo yana haki, cewa ya yi ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Akwai Bagobirin Tibiri. Ko Ganɗoki aka ambata ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, a wurinsa ba su kai mai yi wa dokin Bawa Jangwarzo ciyawa ba. Akwai Mai Lissafi, wanda ya nace sai an gaya masa yadda mutum ɗaya ya karkashe dakaru dubu arba'in bai nemi ruwan sha ba. Ustazu yana ta a'uziyya kan bokan labari, amma ba ya tashi sai ya ji makomarsa. Mutumin Jiratawa ya wuni ban-ruwa a lambu, shafi na biyu sai minshari, in ya farka, tambayarsa ɗaya: "An ɗaura auren gimbiyar?" Akwai kuma wani mai shiru a gefe, yana shan shayin mutane yana rubuta aibinsu. Wannan a ƙyale shi.

Duk waɗannan namu ne. Wanda ba na yafe wa shi ne Na-Riga-Na-Karanta. Dare bayan dare muna biye da jarumi, an iso ƙofa ta bakwai, fada ta yi tsit, sai ka ji shi: "Ai waziri ne maci amanar, dokin kuma a littafi na huɗu zai mutu." Bai sayi littafi ba, bai kawo sukari ba, ya raba mu da daɗin da muka daɗe muna tarawa, yana kuma washe baki yana jiran a yaba masa.

'Yan fada, ku daina jin nauyinsa. Duk wanda ya faɗi ƙarshen labari, shi zai sayi gawayi da sukari har a gama littafin.