Allah Ya Ja Zamanin Masu Ƙa'ida

Allah ya saka wa malaman kirifto da alheri. A wannan zamani da kowa ke tsallake doka, su kaɗai suka rage masu riƙon ƙa'ida gam, ko da kuɗin bayin Allah za su maƙale a hanya. Mu mutanen Tudun Wadan Zariya mun gani da idonmu, mun kuma yaba.

Tun 2012 aka rubuta wa Bitcoin ƙa'idar neman biya, aka raɗa mata suna BIP21: a fara da sunan kuɗin, a bi da adireshi, a sa adadi. Tsaf. Da mutanen Ethereum suka tashi yin tasu a 2017, ai babba ba ya kwaikwayon wani, sai suka ce da wei za su yi lissafi, ƙwayar da sai ka rubuta 1 da sifili 18 a bayanta kafin ta cika Ether guda. Masu Lightning na Bitcoin ma suka kawo tasu takardar, doguwa, mai farawa da lnbc, wadda kan mutu bayan awa ɗaya in ba a yanka mata wani wa'adi ba. Kowace daidai take, ba ka isa ka kama ta da kuskure ba. Fahimtar juna kawai ya rage musu, wannan kuwa ƙaramin abu ne, bai kai masana su ɓata barcinsu a kai ba.

Amma gwanintar ba ta cika ba sai a kan USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala. A ce maɗinki a bakin kasuwar Tudun Wada ya sha wata guda yana aska takwas a babbar riga, mai kaya yana Yamai, ya ce da USDT zai biya. Ɗan maɗinkin, ɗalibi a Kongo a nan Zariya, ya tura adireshi mai farawa da 0x. Adireshin nan ingantacce ne a layin Ethereum, ingantacce ne kuma a layin BNB, harafi da harafi. Wayar mai biya ta duba ta ce babu aibu, ya aika ta layin da cajinsa ya fi sauƙi. Ashe kamfanin da yaron ya ajiye asusunsa ta ɗaya layin yake jira. Wayar Yamai ta ce an biya, ta Zariya ta ce ba ta ga komai ba, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa. Ina ka taɓa ganin shari'ar da kowa ya yi gaskiya? Sai a nan.

"Baba, sun ce a cike fom a jira."

"To rigar fa?"

"Tana mota tun jiya."

Mudun wata kasuwa kan fi na wata, ba sabon abu ba ne. Sai dai shi mudu ƙauyanci gare shi: ana ganin girmansa da ido, a yi gardama, a daidaita nan take. Ci gaba shi ne a ɓoye bambancin cikin haruffa 42 da babu mai iya karantawa.

Samarinmu da suka kwana dangwalen waya a 2024 don wasan Hamster Kombat su ma sun sami nasu karatun kyauta. A layin TON, inda kuɗin wasan yake, adireshi kaɗai ba ya wadatarwa in kamfanin canji za ka tura wa, sai ka haɗa da wata 'yar lamba da ake kira memo. Ka manta ta? To ka bi layin masu cike fom. Bayan watannin dangwale, ai haƙuri ya riga ya zama jiki.

Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, ranar 25 ga Oktoba kuma aka ƙaddamar da eNaira, da tata manhajar, da tata lambar QR, ga wata QR ta bankuna mai suna NQR da NIBSS ta riga ta fitar a shekarar. Da takardun naira suka yi ɓatan dabo a farkon 2023, daga Agoro har Ƙofar Doka abin da ya ciyar da mutane shi ne mai POS da kwalin da mai shayi ya rubuta lambobi goma na asusunsa a kai ya rataya jikin tebur. Abin kunya! Kwali ba shi da suna mai lamba, ba a yi taro a kansa ba, laifinsa ma ya fi haka: kowane banki na iya karanta shi.

Don haka muna roƙon masana kada su gyara komai, su ƙaro mana sabuwar ƙa'ida ma in da hali. Kai kuwa mai karatu, in za a biya ka, tambayi layin tukuna, a fara turo dala ɗaya ka ga ta sauka, sannan ka sa rigar a mota.