Masu CV a Shagon Buga Takardu

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki malaman makaranta ko ma'aikatan zaɓe na wucin gadi, sai samarin Kademi su cika motar Gaya, kowa da ambulan a hammata. Mu da muke zaune gaban kwamfuta muna buga musu CV mun san su kamar yunwar cikinmu.

Wanda na fi so shi ne mai rage shekaru. Shi ba ya shigowa da gaggawa. Sai ya gaishe ka, ya tambayi iyali, sannan ya zaro takardar rantsuwar shekaru da ya yo a kotu, hatiminta ko bushewa bai yi ba. An haife shi a 1998, in ji takardar. To, madalla. Ka buɗe shaidar firamare, ka ga ya gama aji shida a 2002, yana ɗan shekara huɗu ke nan. In ka nuna masa, ko gezau: "Malam, ai da wuri aka sa ni." Tushen abin sananne ne. NYSC ba ta tura wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala karatu, takardar yafewa take miƙa masa, aikin ɗamara kuma yana da tasa iyakar. Shi ya sa shekarun mutumin suka ci birki. Akwai wanda muka zauna benci ɗaya da shi a firamare, yau a takarda ƙanina ne na can baya. Ran nan har "Yaya" ya ce mini, furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin hularsa.

Sai mai aro. Ya kwafe CV ɗin ɗan'uwansa da ya gama jami'ar Wudil, ya sauya suna, ya manta lambar waya. Ɗan'uwan aka kira ganawa.

Akwai mai sha'awar "karatu da tafiye-tafiye". Iyakar tafiyarsa gadar Wudil.

Mai dami kuwa shafi takwas yake so: N-Power ta 2016, allurar foliyo, zaɓen 2023, da shaidar wata bita ta yini ɗaya wadda ba ya tuna komai a cikinta sai shinkafa da kaza. Ka ce masa mai dubawa da wuya ya wuce shafi na biyu, sai ya ɗauka ƙyashin takarda kake yi. A gurbin masu shaida zai sa hakimi, da ɗan majalisa, da wani farfesa na BUK, waɗanda ko a hanya ba su san shi ba. Malamin da ya koyar da shi NCE a Sa'adatu Rimi, wanda zai faɗi alheri a kansa, ba ya ciki. Imel ɗinsa yaron kafe ne ya buɗe masa, yaron ya tafi ci-rani Legas da kalmar sirrin.

Ban cika yi musu faɗa ba. Nawa CV ɗin ya ce ina jin Larabci sosai, kada dai Allah ya haɗa ni da Balarabe.

Duk waɗannan dariya suke ba ni. Wanda ke ƙona mini rai shi ne Alhaji Kawo-CV-Ɗinka. Babbar riga, waya biyu, kullum yana da "mutum a sama" wanda ya ba shi gurbi uku. Zai karɓi takardun yaro, ya karɓi na goro, bayan sati biyu ya dawo wai ana neman ciko. Uwar yaron ta sayar da tunkiyar da take kiwo don salla. Wata shida shiru, wayar a kashe. Da idona na ga CV ɗin da na buga da hannuna a wurin mai ƙosai, mai ya jiƙe hoton yaron. Wannan ba taimako ba ne, sata ce da rana tsaka.

Samarin Kademi da Ajingi, duk wanda ya ce ku kawo CV da kuɗi a ambulan ɗaya, ku riƙe abinku, ku tambaye shi inda ɗansa na cikinsa yake aiki.