Abacha a cikin gwangwani

A Amurka, mai kuɗi kan huda gwangwanin lemo, ya zuba sifirit, ya tafi daji ya dafa shayi, wai shaƙatawa yake yi. Matan Panshekara ta Kano sun riga shi, kuma ko ƙofar gida ba su fita ba.

Tun ƙarancin kananzir na zamanin Janar Sani Abacha, 1993 zuwa 1998, aka san murhun garin katako, har aka laƙaba masa sunan shugaban. Gwangwanin fenti ake samu, a huda gefensa ta ƙasa, a zura sanda, a tsayar da kwalba a tsakiya. Sai a danƙara garin katako, a zare kwalba da sanda a hankali, a cinna wuta ta ramin. Wake ma sai ya nuna.

Ga masana'antun Challawa a maƙwabta, ga na Sharada da Bompai, amma wannan ƙira ƙusa da guduma kawai take buƙata.

Matsala ɗaya ce: tun da gas ya yi tsada, Abacha ya dawo tsakar gida, 'yan gwangwan kuma na zagaye da baro. Uwargida ta bar murhu a zaure ya huce, kafin la'asar an ɗora shi a sikeli.