Yadda Ake Zama Almajirin Tsuntsaye Ko Da Gemu Ya Yi Fari

Kafin komai, tanadi amsar da za ka ba maƙwabta. Ranar da aka ga dattijo kamarka, mai furfura da jikoki, ya ƙame a gindin tsamiya yana kallon sama har hula na neman faɗuwa, kafin la'asar labari ya kai gidan surukai cewa Alhaji ya fara ganin abin da sauran mutane ba sa gani. Kada ranka ya ɓaci. Ce musu makaranta ka koma, gemu kuwa ba ya hana ilimi. Ke ma Hajiya, in an tambaya me kike leƙe a kan katanga, ki ce darasi ake yi.

Wannan makaranta ba ta karɓar kuɗin rajista, malamanta kuma sukan riga ka shiga aji, tun kana lazimin asuba suka fara. Abin da ake bukata tabarma, ƙaramin littafi, biro, sai haƙuri mai ɗan yawa. Farar shaddar nan mai ƙarar sitati a bar ta sai Juma'a. Tsuntsu na jin motsinta daga nesa, kuma wanda ya zauna da farin kaya ƙarƙashin bishiyar da balbelu ke kwana zai koma gida da zanen da bai biya tela ba. Rediyo ma ya huta, waya ta yi shiru.

Fara da ƙofar gidanka, don rabin karatun yana cikin kanka tun kana yaro. Ka san kurciya, ka san hasbiya mai jan ido, ka san hankaka da farin ƙirjinsa. Saura ka koyi tambayar dalili. Me ya haɗa balbela da shanu? Fāra da ƙwarin da kofato ke tayarwa daga ciyawa take bi. Carki kuwa kaska yake cira a bayan saniya. In ka ga mai shawagi a sama kana shakkar shirwa ce ko shaho, dubi wutsiya: ta shirwa a tsage take kamar gwafa.

Wanda na fi so ka ba lokaci shi ne cilakowa. In macen za ta yi ƙwai sai ta shiga kogon itace, a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga daidai bakinta. Makonni take yi a ciki, namijin na jigilar abinci safe da yamma yana miƙa mata ta tsagar, ba bashi, ba tsaki, ba "kasuwa ta yi tsada". Duk maigidan da cefane ke sa shi haɗe fuska ya kamata a kai shi gindin wannan itace ya yi mako guda.

Littafin naka fa? Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa a bana. Kakanninmu da zuwanta suke gane damina ta kusa, ita kuwa daga can kudanci da gabashin Afirka take dawowa ta yi sheƙa a garuruwanmu. Shekara uku kana rubutawa, manoman unguwa za su fara yi maka sallama ta musamman.

Idan karatu ya yi nisa, sai tafiya, gani ya kori ji. Lokacin sanyi ka nufi fadamar Haɗejiya da Nguru, ko Dagona a Jihar Yobe, inda agwagin ruwa da wasu tsuntsaye ke sauka bayan sun taso daga Turai sun keta Sahara ba fasfo ba biza, su haɗu da namu na gida irin su ɗinya da kirinjijiya. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar. In Yankari ka zaɓa a Bauchi, ka riƙe ledar abincinka da hannu biyu, domin gwaggon birin sansanin Wikki ba ya jiran a ce masa bismilla. A dajin Amurum kusa da Jos kuma akwai cibiya sukutum ta binciken tsuntsaye, APLORI, inda ake yin digiri na biyu a kan irin wannan kallon sama da maƙwabta ke yi maka dariya a kai. Nijeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, saboda haka ba ranar sauke karatu.

Akwai shafin da zai sosa maka rai, ina so ka buɗe shi. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Muna yara ko korarta ba a iya yi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin masu dab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta don tsibbu. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya zama cuta, kyauta. Gauraka mai tukku kamar sarki, shi ma sai a hoto yara da yawa suka san shi. In tsuntsu ya ɓace sunansa na bin sa, karin maganarsa da tatsuniyarsa su bi baya.

Don haka kada ka tafi aji kai kaɗai. Jikan nan naka da ya haddace 'yan ƙwallon Ingila har da na benci amma bai san fakara ba, kama hannunsa. Idonsa ya fi naka kaifi, kai kuma ka fi shi sunaye, cinikin ya faɗa. Karɓi danƙon harbin da ke aljihunsa, ka ba shi biro a madadinsa. Gobe da asuba, Baba, in an sallame salla, ku shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ka nuna masa tsuntsu na farko da ya sauka, ka faɗa masa sunansa da Hausa.