Su Wane da Wane a Gindin Waifai

A kowace majalisa ta ƙofar shago, a Kano ne ko Zariya ko Gusau, akwai lokacin da hira takan mutu ba tare da an yi faɗa ba. Kowa ya sunkuya kan wayarsa, shayi yana hucewa. Can sai wani ya ɗago kai ya ce, "Wai ku naku yana yi?" Da wannan tambaya ake buɗe fage. Tun watan Agustan 2001 da wayar salula ta fara aiki a Najeriya, zamanin da ake sayen layi ɗaya da kuɗin rago, sabis yake ɗaukewa yana dawowa, kuma a tsawon shekarun nan ya yaye ɗalibai iri-iri, kowa da darasin da ya ɗauka.

Wanda ya fi saurin bayyana shi ne Mai Ɗaga Hannu. Sabis na yin ƙasa zai miƙe, ya ɗaga waya sama kamar mai nuna wa jama'a jinjirin wata, ya yi taku uku gabas, ya dawo biyu yamma. Ba a banza yake yi ba. Bango mai kauri da rufin kwano suna tare saƙon da ke zuwa daga ƙarfen sabis, don haka tudu da bakin taga suna da amfani. Mutanen Zamfara sun san haka fiye da kowa, domin a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga, sai da wasu suka riƙa shiga mota suna tsallakawa wata jiha don kira ɗaya tak. Inda mutumin namu ya kauce hanya shi ne, ko a kan waifan shago yake haka yake yi. Rauta, na'urar da ke ba da waifan, tana bayansa a cikin shago, shi kuwa ya bi titi yana nesa da ita, hannu a sama, yana mamakin yadda abin ke ƙara lalacewa.

Kusa da shi akwai Malam Kashe-Kunna. Maganinsa ɗaya ne, kuma ba ya canzawa: a danna alamar jirgi, a ƙirga goma a zuci, a sake dannawa. In bai yi ba a kashe wayar ɗungurungum. Abin haushin, galibi yana yi. Waya takan liƙe wa ƙarfen sabis mai nisa ko ta riƙe tsohon adireshin da rauta ta ba ta, to in aka katse ta aka sake ta, dole ta sake gabatar da kanta daga farko, ta nemi wanda ya fi kusa. Malam bai san wannan bayani ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya dai ga aiki, shi ya sa yake rubuta wa kowa wannan magani, har wanda gilashin wayarsa ya tsage.

Amma ran majalisar yana hannun Alhaji Mai Rauta, kuma a kansa ya kamata a ɗan zauna. Shi ya sayi na'urar, shi yake zuba mata data duk wata, saboda haka shi ke da lambar sirri. Ba ya faɗinta da baki. In baƙo mai daraja ya zo ya roƙa, sai Alhaji ya ce, "Kawo wayar." Ya karɓa, ya juya baya, ya ja hannun babbar riga ya yi labule, ya danna da yatsa ɗaya yana waiwaye. Sannan ya miƙo wayar da fuskar wanda ya ba da zakka. Tsarin tsaron waifai ba ya karɓar abin da bai kai harafi ko lamba takwas ba, to Alhaji bai wahalar da kansa ba: daga 1 zuwa 8 ya jera. Ranar da ya ji ƙishin-ƙishin an gano, ya yi fushi ya canza, ya mayar da ita daga 8 zuwa 1.

Duk wannan labule aikin banza ne, sai dai ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Tun da Android 10 ta fito a 2019, wayar da aka taɓa haɗawa da waifai tana iya fito da wani ɗan zane mai murabba'i, wanda duk wayar da ta haska shi za ta shige ba tare da an danna ko harafi ɗaya ba. Baƙon Alhaji yana fita zai nuna wa direbansa, direba ya nuna wa mai shayi, mai shayi kuwa ba ya rowa. Kafin magariba wayoyin rabin layin suna kan rautar, kowa yana jan nasa, bidiyon Alhaji yana ta zagaye a tsakiyar gilashi ba ya gaba ba ya baya.

Da abin ya ishe shi sai ya yanke shawarar kulle rautar a kabad ɗin ƙarfe, wai don kada a saci sabis. An yi gudun gara an faɗa zago. Ƙarfe shi ne babban abokin gabar waifai, kuma na'urar ta fi son sarari da wuri mai ɗan tsayi, a tsakiyar inda ake amfani da ita. Abin da yake bukata yana liƙe a ƙarƙashin rautar, a 'yar takardar da bai taɓa juyawa ya karanta ba: adireshin shafin sarrafa ta, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A can zai ga jerin duk wayoyin da ke shan datarsa, ya toshe wanda ya ga dama, ya sa lambar sirri ta mutunci. Sai dai a rautoci da yawa mabuɗin shafin shi ne kalmar nan ta admin da aka zo da ita daga kamfani, kuma yaron shagonsa ya riga shi sanin haka da daɗewa.

Akwai kuma batun suna biyu. Rautar tana fito da sunaye biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, Alhaji kuwa ya rantse 5G ya saya. Ba ita ba ce. Waccan ta kamfanonin waya, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2022, daban take. Wannan zangon waifai ne na gigahas 5, mai sauri amma gajeren zango, ɗan'uwansa na 2.4 kuwa bai kai shi gudu ba amma ya fi shi ratsa bango. Wanda ke zaune a gindin rauta ya hau na biyar, wanda ke can ƙuryar ɗaki ya haƙura da na biyu da ɗigo huɗu. Alhaji dai ko daga bayan gida na biyar yake hawa, domin girma.

In rauta ta gagara, sai a koma kan Mai Minti Ɗaya. Sallamarsa sananniya ce: "Yaya, ɗan kunna min hotsfot in tura saƙo ɗaya." Ba a taɓa ganin saƙon nan ya tafi shi kaɗai ba. Yana tafiya da sitatus ɗin mutum talatin, da taƙaitaccen wasan ƙwallon jiya, da wani wa'azi da ya ce zai saurara in ya koma gida. Wayar mai hotsfot ta ɗau zafi kamar dutsen guga, caji yana zuba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan roƙo ya fara ɓata zumunci. Masu wayo yanzu sukan shiga saitin hotsfot su rage yawan wayoyin da za su iya hawa zuwa ɗaya, wasu wayoyin ma suna barin a yanka iyakar MB, in an kai ta ya yanke da kansa. Sai mai wayar ya buɗe hannu ya ce, "Ka gani ko? Sabis ne."

A yi masa adalci dai, ba kullum laifinsa ba ne. Waya tana da nata kwaɗayin. Da zarar ta ji waifai, musamman na rauta ko na 'yar maifai ta aljihu, sai ta ɗauka ta faɗa gidan biki: ta shiga Play Store ta fara sabunta manhajoji, ta kwashi hotunan wata guda ta fara lodawa, ta sauke duk bidiyon da ta ƙi saukewa da datar mai ita. Akwai wurin da ake gaya mata cewa wannan waifai na awo ne, ta ci da hankali. Mai Minti Ɗaya bai taɓa neman wurin ba, tunda ba tasa ake ci ba.

A cikin gida kuma akwai Hajiya Mai Ƙorafi. Ita hukuncinta a yanke yake: "Sun shanye min data." Jiya aka sa mata giga biyu, yau ta danna *323#, lambar duba ragowar data da aka mayar iri ɗaya ga dukkan layuka a 2023, ta ga abin da ya rage bai isa buɗe hoto ba. Jikanta ya karɓi wayar, ya shiga inda ake nuna abin da kowace manhaja ta ci, ya juyo mata da gilashin. WhatsApp ne a sama. Tana cikin guruf na dangin uwa da na dangin uba, da na adashi, da na Islamiyya, da na bikin da aka gama tun bara ba a rushe ba, kuma bidiyo ɗaya na girkin alkubus ya shigo ta huɗu daga ciki. "Ni fa ban buɗe ba," in ji Hajiya. Gaskiyarta, ba ta buɗe ba. An bar wayar a kan ta sauke komai da kanta. Ga kuma Facebook da TikTok da ke kunna bidiyo tun kafin a taɓa, kuma in sabis ya yi ƙarfi sai su zaɓo hoto mafi kyau, wanda ya fi cin data. Jikan ya kashe saukewar, ya yi bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, ta ce duk da haka ba ta yarda da kamfanonin waya ba.

Wasu ba sa bukatar dogon bayani. Akwai mai layi huɗu a waya biyu, wanda rabin ranarsa ke tafiya wajen cire sim da tsinken sakace. Akwai ɗan garaɓasar dare, mai jan ido, da ke jiran tsakar dare ta yi ya sauke fina-finai da data mai araha, ya yi sallar asuba yana layi. Akwai kuma mafarauci, wanda duk inda ya ga waifai marar kwaɗo, a otal ko filin jirgi, sai ya hau, har ya buɗe manhajar bankinsa a kai, alhali kowa na iya kunna hotsfot ya raɗa masa sunan otal ɗin ya zauna jiran irinsa.

Sai babban baƙo, Injiniyan Unguwa. Ya taɓa zama mako biyu a rumfar wani abokinsa a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, daga nan ya dawo da muƙami. Ba ya tambayar me ya faru, karɓar waya yake yi. Zai shiga APN ya goge abin da ya tarar ya rubuta nasa. Zai ɗora VPN, wanda ya saba da shi tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya bar shi a kunne, saƙon mai waya ya riƙa zagayawa ta wata ƙasa kafin ya iso, wata manhajar bankin ma ta ƙi buɗewa. In duk bai yi ba sai ya ciro babban makami, ya mayar da saitin sadarwa yadda ya fito daga kamfani. Wannan kan yi magani wani lokaci, amma yana share duk lambobin sirrin waifai da wayar ta haddace, har da abin kunnen Bluetooth. Mai waya ya koma gaban Alhaji yana sosa ƙeya.

Ranar da ba za a manta da Injiniya ba ita ce 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi. Intanet ya tsaya cak, manhajojin banki suka ƙi motsi, ga sabis a cike fal a saman gilashi. Layi aka yi a gabansa, ya wuni yana goge-goge da baki a bushe. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, su ne suka lalace a gaɓar Kodebuwa, abin ya shafi Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, kuma sai da jiragen ruwa suka shafe makonni suna gyara. 'Yan sandunan nan na saman waya ba su san da teku ba. Iyakar abin da suke faɗi shi ne tsakanin waya da ƙarfen sabis, ko tsakaninta da rauta, lafiya lau. Abin da ke bayan nan, ko wayar ƙarƙashin ƙasa ce masu aikin titi suka tsinke, ko cunkoso ne irin na filin Idi inda dubban wayoyi ke rububin ƙarfe ɗaya, ba ruwansu. Da kamfanoni suka karkatar da hanya abin ya fara dawowa, Injiniya ya karɓi godiya bai musa ba.

Wata rana da yamma, duk sun hallara. Mai Ɗaga Hannu ya kai bakin kwalbati. Malam ya danna jirgi sau uku. Injiniya ya riga ya share wayoyi biyu yana neman ta uku, Alhaji yana ta jero wa kamfani addu'o'in da ba na alheri ba. Yaron shago ne ya shiga ɗauko sukari, ya leƙa bayan kabad, ya ga filogin rauta a ƙasa. A soket ɗin kuwa wata caja ce a maƙale, igiyarta ta bi ta ƙarƙashin benci har zuwa cinyar Mai Minti Ɗaya.

"Alhaji, a yi haƙuri," in ji shi, ko kunya babu. "Saura kaɗan ta cika."