Mafarautan Baki a Manawashi

Da zarar jarrabawar aikin hannu ta hukumar rajistar masu jinyar haƙori ta matso, hukumar nan da dokar 1993 ta kafa, sai mutanen unguwar Manawashi su koma dariya da baki a rufe. Ɗaliban da suka dawo gida bita ba fuska suke kallo ba, dasashi suke leƙe.

Gaba-gaba akwai mafarauci. Ya san gwaninta ba ta fitowa sai a bakin da datti ya daskare a gindin haƙora, don haka ya raina duk mai aswaki da buroshi. Wajen mai goro yake yini. Da ya hango dattijon da ya tsufa yana tauna, sai ya durƙusa: "Baba, ina wuni? Allah ya ƙara girma. Ɗan buɗe in gani mana." Baba da ya ɗauka auren 'yarsa ake nema! Kuɗin Keke Napep, shayi da burodi, duk ɗalibi ke biya, amma ranar da aka tsayar sai a ce Baba ya tafi ɗaurin aure Kumo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya tsinci baƙo daga Kaltungo, haƙora duk tabo ruwan ƙasa, ya yi ta murna ya samu nama. Ya kankara, ya kankara, ko gezau. Wannan tabo na sinadarin fuloraid ne da ya yi yawa a ruwan rijiya, ya shiga jikin haƙori tun ana yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, kuma gogan naka ya haddace haka, a takarda.

Hadda kuwa, 'yar gidan Malam ce sarauniya. Haƙora 32 na babba, 20 na yaro, kowanne da lambarsa. Tashe ta daga barci ka ce 36, za ta ce turmi na farko, ƙasa, hagu. Miƙa mata ɗan madubin baki, sai hagu ta koma dama.

Akwai gwanin kan roba, wanda ya saba da majinyacin da ba ya tofar da yawu, ba ya cizo, ba ya cewa "tsaya in amsa waya". Ɗigon jini ɗaya ya gani, shi aka yi wa fifita. Mai tsafta shi ma yana nan: safar hannu, takunkumi, a sake wanke hannu, har lokaci ya ƙare bai taɓa haƙori ba.

Mai "Allah na nan" ba ni da abin cewa a kansa, sai dai a ɓoye masa kayan aiki, don aro yake ba ya maidowa.

'Yan gida su ne suka shiga uku. Ƙanne an wanke musu haƙora har sun fara kwana gidan Kawu. Kaka kuwa ta ce haƙora huɗu suka rage mata, kuma ta riga ta yi wa jikoki biyu alkawarinsu, kowa bibbiyu.