Dawakin da suka gudu a kan daino

A Ingila, masu ƙara wa mota ƙarfi suna da ranar awo. A hau da tayoyi kan gangunan ƙarfe, a ɗaure motar da igiyoyi, a taka totur har ƙasa, kwamfuta ta faɗi dawaki nawa ke cikin injin. Na'urar daino ke nan. Matsalarta, da turbo ya cika iska, ƙarfi kan zo gaba ɗaya kamar ambaliya, taya ta zame a kan gangar, lissafi ya faɗi. Wannan santsi shi ke tona halin mutane.

Ga Mai Uzuri. Wata shida yana cika baki cewa motarsa Supra doki 600 ce. Takarda ta fito da 430. Ko kallonta bai gama ba ya durƙusa yana shafa taya, yana shinshina yatsa. "Malam, ji ƙauri! Zamewa ta yi." Wani lokacin da gaskiyarsa, abin haushin ke nan, don in layin zanen ya yi tsalle ya nutse daidai inda turbo ya kama, santsi ne. Amma nasa layin sumul yake kamar an ja da rula.

Sai 'yan zaman but, ƙartin abokai biyu da ake cusawa a baya don su danne tayoyi. Su fito idanu jajur, kunne na ƙara, suna neman a yaba musu.

Malam Lissafi bai damu da na'ura ba. Ya ƙara kashi 15 na asarar giya, ya ƙara na zafin rana, ya ƙara na santsi, kafin shayinsa ya huce motar ta haifi doki ɗari.

Akwai kuma mai yawon gareji, wanda ya ji an ce dainon Dynojet ta fi ta kamfanin Mustang hannun kyauta, sai ya yi tafiyar awa uku don ya sayo lamba.

Ni dai mai dainon nake tausayi. Ba ya gardama. Ya ƙara tamke igiya, ya sa giya ta huɗu, ya maimaita. In surutu ya ishe shi, ya nuna dainon Dynapack a lungu, wadda ake kwance tayoyin ɗungurungum a ɗaura ta a jikin cibiyar ƙafa, ranar wanka ke nan.

Nan take Mai Uzuri ya duba agogo, ya tuna matarsa na jiransa a kasuwa.